Taimin: Yadda Ake Rage wa Mota Ƙarfi Don Ta Ci Tsere

Yau Amurka muka nufa, wajen tseren da suke kira drag: mota biyu, miƙaƙƙen titi, mita 402 ko rabinsa.

Rigimar duk tana wajen tashi, musamman a nau'in da suke ce wa no prep, inda ba a fesa wa titin sinadarin nan mai danƙo da ke sa taya ta kama. Injinka ya kai ƙarfin doki dubu, ka saki, taya ta yi ta juyi a wuri ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, abokin karawarka ya tafi abinsa.

To me suke yi? Taimin suke ja baya. Kun san fulogi yana ba da wuta tun kafin fistin ya kai ƙololuwa, don mai yana buƙatar lokaci ya ƙone. Da digiri ake auna wannan tazarar. A ce injinka ya fi ƙarfi a digiri 30. Ka mayar da shi 20 lokacin tashi, wutar ta makara, kafin matsin ya cika fistin ya yi nisa ƙasa, ƙarfin ya ragu. Wani zai ce, ba sai direba ya sassauta totur ba? Ƙafa ba ta maimaita abu daidai sau biyu, malam. Taimin kuwa a tartsatsi na gaba yake aiki.

A ganina, cirewar ba ita ce wahalar ba, mayarwar ce. Da na'ura irin MSD Grid ko kwamfutar Holley, ana tsara yadda digirin zai riƙa dawowa sannu a hankali, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ka dawo da shi gaba ɗaya, taya ta kuɓuce a nan take. Ka yi jinkiri, ka bar gudu a banza. Alƙalin shi ne lokacin da motar ta ɗauka a ƙafa 60 na farko, kusan mita 18. Canji ɗaya ake yi, a gwada, a duba.

Kuma kar a zarce. Wutar da ta makara da yawa tana ƙarasa ci ne a hanyar salansa, bawul ya sha zafi. In motar mai turbo ce, wannan zafin ya ƙara juya turbon, ƙarfin da ka kora ya dawo maka ta taga.