Gargaɗi ga Masu Kifin Ado: Ku Duba Ruwa Kafin Ku Zuba Magani

Duk wanda ya ga kifinsa na akwatin gilashi ya taso saman ruwa yana haki, ko ya naɗe fikafikai ya maƙale a lungu ya ƙi abinci, kada ya jira gobe. Kada kuma ya garzaya ya sayo magani ya antaya. Sau da yawa ba cuta ce ta kama kifin ba, ruwan ne ya zama guba.

Kashin kifi da ragowar abinci kan ruɓe su saki amoniya, ita kuwa tana ƙone wurin numfashin kifi ko da ruwan ya yi garau. Masu karya dafinta wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune cikin soson matata, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu. Shi ya sa mai cika sabon akwati da kifi a rana ɗaya yake tsintar gawa cikin 'yan kwanaki. Mai wanke soson da sabulu ko ruwan famfo ma ya kashe bakteriyar da hannunsa. Ku auna ruwan: amoniya da naitirait (shi ma guba ne a ruwa) su tsaya a 0. In sun wuce haka, ku kwashe rabin ruwan yau ɗin nan, ku maye gurbinsa da wanda aka cire wa kilorin mai ɗumi daidai da na ciki, ku dakatar da abinci kwana 2.

A bazara ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai. In aka ɗauke wuta injin iska ya tsaya, ku riƙa ɗibar ruwan da kofi kuna kwararo shi daga sama. Maganin sauro na fesawa kuma kisa ne ga kifi, ku kashe injin ku rufe akwatin kafin a fesa ɗakin.

In kun ga fararen ɗigo kamar gishiri a jikin kifi, yana goga jiki da duwatsu, wannan cuta ce, kuma a nan ne magani ke da amfani. Yawanci sabon kifi ke shigo da ita, don haka a keɓe baƙo a wani akwati na aƙalla mako 2.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne haɗa kifayen da ba sa zama tare don kawai launinsu ya burge. Golfish ya fi son ruwa mai sanyi-sanyi, gufi kuwa mai ɗumi. Mazan beta biyu faɗa za su yi har ɗaya ya jikkata ko ya mutu. Oska da tarwaɗa za su haɗiye duk kifin da ya shige bakinsu. Wutsiyar da ta yage, ko kifin da ba ya fitowa lokacin abinci, alama ce ana cin zalinsa. Ku raba su kafin dare.