WAYARKA TANA CIN BARCINKA: RAGE YAWO A INTANET

Jama'a, a karanta a tsanake. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.

Kai malam da ka ke zaune a kan benci kana jira a kira katinka, dubi hannunka. Waya ce ko? To, da kai wannan takarda ta ke magana.

Ba mu ce waya mugun abu ba ce. Tun da wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001 ta sauƙaƙa zumunci da ciniki, da ita a ke aika kuɗi, da ita a ke kiran mota in naƙuda ta tashi da dare. Abin da mu ke ja maka kunne a kai shi ne yawo marar dalili. Ka ɗauki waya don ka duba saƙo guda, kafin ka farga awa 2 ta wuce kana kallon bidiyon mutanen da ba ka ma san su ba.

YI LISSAFI DA KANKA

A ce awa 3 ka ke ɓatawa haka kullum. A mako awa 21 ke nan, a shekara awa 1,095, watau kwana 45 da ɗoriya, dare da rana. Kada ka yi kintace, don kowa rage wa kansa ya ke yi. Wayar tana ajiye lissafi. A yawancin wayoyin Android sunan wurin Digital Wellbeing, a iPhone kuwa Screen Time. In ba ka iya nemo shi ba, ba ɗanka ko mai cajin waya ya nuna maka.

ME YA SA AJIYE TA KE DA WUYA?

Ba raunin zuciyarka ba ne kawai. Facebook da TikTok da YouTube da talla su ke samun kuɗi, gwargwadon daɗewarka gwargwadon tallar da za ka gani. Shi ya sa bidiyo na ƙarewa wani ya ke biyo shi ba ka tambaya ba. Littafi yana da shafin ƙarshe. Shirin rediyo yana da sallama. Wannan ba shi da ko ɗaya. Saboda haka niyya kaɗai ba ta isa, sai ka sake wa wayar wurin zama.

BARCI

A nan ɓarnar ta fi yawa. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye kowane dare. In duhu ya yi, wata 'yar halitta a cikin ƙwaƙwalwa ta kan saki wani sinadari mai suna melatonin, shi ke gaya wa jiki lokacin kwanciya ya yi. Haske a ido yana jinkirta wannan aiki. Ga kuma abin da ka ke dubawa: labarin tashin hankali, gardama a zauren WhatsApp, zagin da wani ya yi. Duk suna tayar da zuciya a lokacin da ya kamata ta kwanta.

Wanda ya ajiye waya ƙarfe 1 na dare ya tashi da asuba ƙarfe 5, barcin awa 4 ya samu. Da safe sai ciwon kai, da saurin fushi, da mantuwa, da gyangyaɗi a wurin aiki. In abin ya zama jiki shekara da shekaru, ƙarancin barci yana cikin abubuwan da ke taimaka wa hawan jini da ciwon sukari da ƙiba. Wani ya kan zo neman maganin ciwon kai, alhali abin da ke damunsa yana ƙarƙashin matashin kansa. Kada ka sayi maganin barci a kemis ba da iznin likita ba.

Ga abin yi. Saura awa 1 ka kwanta, kashe data, kai wayar inda hannunka ba zai kai ba sai ka miƙe tsaye. Za ka ce, “To in aka kira ni da gaggawa fa?” Ai kira ba ya bukatar data, zai shigo. Za ka ce da dare a ke kawo wuta. Sa cajin a ɗaya gefen ɗaki, ba bakin gado ba. In da ita ka ke tashi, nemi ƙaramin agogo mai ƙararrawa.

Da rana kuma, rufe bakin zaurukan da ke damunka da ƙara, ka fita daga waɗanda ba ka ƙaruwa da su. Ware lokaci sau 2 ko 3 a yini na duba saƙonni. Lokacin cin abinci waya ta zauna a aljihu. Kwanakin farko hannunka zai yi ta laluben ta, wannan ba wani abu ba ne, zai ragu. Amma fa lalle ka sami abin cike gurbin, in ba haka ba za ka koma. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, ta cika minti 150 na motsa jiki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya gaza.

IDO DA WUYA

Mai ƙura wa waya ido ba ya ƙiftawa yadda ya kamata, sai idon ya bushe ya yi yaji, balle da hunturu. Kowane minti 20 ɗaga kai ka dubi abu mai nisan ƙafa 20 har ka ƙirga 20. Wuyanka ma ya huta da sunkuyo.

UWARGIDA, GA NAKI

Kada ki rarrashi jariri da waya. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce, yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin. Daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa 1 a yini, ƙasa da haka ya fi. Yaro a bakin mutane ya ke koyon magana, da hira da wasa da tatsuniya. Kai ma maigida, ba ka hana shi abin da ya ga kana yi tun safe.

Direba, da ɗan acaɓa, da mai a-daidaita-sahu: hukumar ta ce mai amfani da waya a kan tuƙi ya ninka waninsa haɗarin yin karo wajen sau 4. Tsaya a gefe tukuna.

YAUSHE ZA KA GA LIKITA?

In ka yi mako 2 kana bin wannan shawara barci bai dawo ba. In ka yi ta ƙoƙarin ragewa ka kasa, ga aiki ko karatu ko zaman gida yana lalacewa. Haka kuma yaron da wasan waya ya hana shi ci da barci da makaranta, don a 2019 an sa kamu da irin wannan wasa cikin jerin cututtuka na duniya. Kada ka ji kunya. In an kira katinka yau, gaya wa malamin asibiti awa nawa ka ke barci, da ƙarfe nawa ka ke ajiye waya.