Gudun dogon zango a lokacin ɗari: abin da mai gudu ke gamuwa da shi a turbobin Arlit

A Arlit da Akokan, lokacin gudun nesa gajere ne. Daga Afrilu zuwa Satumba zafi yakan wuce digiri 40, ƙasa ta yi ta huci har bayan magariba, mai hankali ba ya neman tseren kilomita 30 a irin wannan hali. Sai Nuwamba ta kama, iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, sannan mai sha'awar gudu ya samu kamar wata 4 na aiki. Ba ɗan wasan da ake biya ake nufi a nan ba. Ana nufin ma'aikacin kamfani, ko soja, ko malamin makaranta, wanda zai tashi bayan sallar asuba ya yi gudunsa, kuma ƙarfe 8 ta same shi a wurin aiki.

Abin da ke fara tarbarsa shi ne ɗari. A Disamba da Janairu sanyin asuba yakan sauko kusa da digiri 10, a kan duwatsun Abzin kuwa har ruwa yakan daskare. Yatsu su ƙage, leɓe ya tsage, kilomita 3 na farko ƙafa kamar ba tasa ba. Rana na ɗagawa kuma sai al'amari ya juye, rigar sanyin da ya fito da ita ta zame masa kaya.

Babban haɗarin ba a sanyin yake ba, yana wajen ruwa. Iskar hunturu busassa ce, tana shanye gumi kafin ya jiƙa riga. Mutum bai ga gumi ba, bai ji ƙishirwa ba, sai ya ɗauka jikinsa bai rasa kome ba, alhali lita guda tana iya fita daga jikinsa cikin awa ɗaya. Alamar takan zo a makare: ciwon kai, jiri, ɗaurewar jijiyar sha-raɓa. Shi ya sa wanda ya san hanya yake kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan tun bai buƙata ba, ya riƙe ɗan gishiri da dabino a aljihu. Ƙasar ma iri-iri ce. Fako mai tsakuwa yana ba da sauri amma yana cin tafin takalmi. Rairayin ƙorama yana cinye ƙarfi, taku biyu ya zama ɗaya da rabi. Yashin da ya shiga safa kuwa, in ba a tsaya an kakkaɓe ba, kafin kilomita 20 ya zama bororo.

Wannan jaha ta taɓa ganin gudun da ya wuce misali. Ranar 1 ga Nuwamba 2006 wasu mutum 3 suka tashi daga Sanluwi ta Senegal: Charlie Engle ɗan Amurka, Kevin Lin ɗan Taiwan, da Ray Zahab ɗan Kanada. Suka ratsa Muritaniya da Mali, suka shigo Nijar, suka bi ta Agadas da Tenere a tsakiyar ɗari, sannan Libiya da Masar. Ranar 20 ga Fabrairu 2007 suka taɓa ruwan Bahar Maliya, bayan kwana 111 da tafiyar kusan kilomita 7,000, wato fiye da kilomita 60 kowace rana. Jagoransu a hamada ɗan Nijar ne, Mohamed Ixa.

Labarin Zahab ya fi dacewa da ƙaramin mai gudu. Mutum ne da a da yake shan kwalin taba a yini, bai taso cikin wasan tsere ba. A 2004 ya shiga wata gasar hunturu a yankin Yukon na arewacin Kanada, kilomita 160 a kan turbar ƙanƙara, kowa na jan kayansa da kansa, ya kuwa zo na ɗaya. Kafin shekara 3 ta cika yana tsakiyar Tenere. Sai dai a faɗi gaskiya: su ukun motoci na biye da su da ruwa da abinci da likita. Ƴan ayarin gishiri da ke bin wannan hanya zuwa Fashi da Bilma tun kaka da kakanni, salka da guzuri ke gare su, kuma ba wanda ya taɓa ba madugu lambar yabo.

Nijar ba ta rasa nata gwanaye ba. Abdou Manzo ya yi gudun famfalaki na kilomita 42 da mita 195 da sunan ƙasa a wasannin Olimpik har sau 3: Seyul a 1988, Basalona a 1992, Atlanta a 1996.

Amma mai gudu a Arlit yana da wata damuwa da takwaransa na Damagaram ko Maraɗi bai sani ba. Garin nan saboda uraniyom aka kafa shi a 1969. Kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da ma'adini a 1971, COMINAK kuma a 1978 daga ramin Akuta da ke kusa da Akokan. Da aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021, an bar tulin dusar ma'adini da aka ƙiyasta ya kai tan miliyan 20, kamfanin ya yi alkawarin rufe shi da yumɓu da duwatsu. Tun kafin nan ƙungiyar Aghir In'Man ta Arlit da ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa suna ta jan kunne game da ƙura da ruwa. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta ce ta auna wasu wurare a titunan Akokan ta tarar tururin ma'adinin ya ninka na ƙa'ida har kusan sau 500. Gwamnati ta mai da SOMAÏR mallakar ƙasa a Yuni 2025, amma sauyin mai kamfani bai kwashe ƙurar da ta riga ta taru ba.

Inda abin ya shafi mai gudu shi ne numfashi. Wanda ke zaune yana shaƙar kamar lita 6 zuwa 8 na iska a minti. Mai gudu yana iya shaƙar ninki goma, kuma ta baki, inda babu gashin hanci da zai tace. Ga shi watannin da jiki ke son gudu su ne watannin da iska ta fi ɗaukar ƙura. Don haka zaɓen turba a Arlit ba na daɗin ƙafa kaɗai ba ne. Wuraren haƙa suna ta yamma da gari, gindin duwatsun Abzin yana gabas. Mai lura yakan duba inda iska ta dosa kafin ya ɗaura takalmi, ya nisanci tulin dusa da hanyar manyan motoci, ranar da hazo ya rufe gari kuma ya haƙura. Amawalin rawani yana tare yashi, ba ya tare ƙura mai laushi.

Gabas ɗin ma ba kullum take buɗe ba. A watan da baƙin nan uku suka kai Bahar Maliya, a cikinsa ne ƴan tawayen MNJ suka kai hari Iferwan, aka shiga shekarun da nakiyoyi suka hana bin turbobin Abzin har zuwa sulhun 2009. A Satumba 2010 aka sace mutum 7 a cikin Arlit kanta, a Mayu 2013 kuma aka tayar da bam a ma'aikatar SOMAÏR. Wanda zai yi nisa da gari ba ya fita shi kaɗai: sai da abokin gudu, da mai mashin ɗauke da jarkar ruwa, kuma a gida an san turbar da ya bi da lokacin da ya kamata ya komo.