Musa da Fir'auna a Waƙoƙin Ƙin Bauta na Amurka

Duk wanda ya nazarci waƙoƙin da aka yi a Amurka cikin ƙarni na 19 don ƙin bauta, zai tarar ƙissar Annabi Musa da Fir'auna ta game su. Kada a zaci ado ne kurum. Gardama ce mawaƙan ke yi da iyayengijin bayi, a kan Littafi guda da dukansu ke karantawa.

Masu bayi sun kafa hujja da la'anar da Nuhu ya yi wa Kan'ana ɗan Ham, a Littafin Farawa sura 9, da wasiƙar Bulus zuwa ga Filimon, inda ya mayar da bawa ga ubangijinsa. Mawaƙa kuwa suka buɗe Littafin Fitowa. Turawan da suka fara zama a Massachusetts sun ɗauki Amurka ita ce Ƙasar Alkawari. Baƙar fata suka juya zancen, suka ce a'a, ita ce Masar. Da aka kafa dokar 1850, wadda ta tilasta kamo bawan da ya gudu ko ya kai jihohin Arewa, sai Ƙasar Alkawari ta koma Kanada.

Mu dubi Frances Harper, wadda aka haifa 'ya a Baltimore cikin 1825. Doguwar waƙarta, Moses: A Story of the Nile, ta fito a 1869, watau shekara huɗu bayan soke bauta a 1865. Musanta ya bar daular fada don ya zauna da danginsa bayi. Wannan gargaɗi ne ga baƙar fata masu ilmi da wadata. Ya kuma rasu bisa dutse yana hangen ƙasar, bai taka ta ba. Ma'anarsa, an kwance sarƙa, amma tafiya ba ta ƙare ba.

Ɗalibanmu sun san Musa da Fir'auna tun daga Suratul Ƙasas, wannan kuwa taimako ne babba. Amma rasuwar bisa Dutsen Nebo daga Maimaitawar Shari'a sura 34 take, lalle a nuna musu. Sa'an nan kowace waƙa a tambaye su abu uku: wane ne Fir'auna a nan, ina ne Masar, kuma a wace shekara aka yi ta.