Darasin Teku a Tsakiyar Hamada: Yadda Kwarin Hitan Yake Koyar da Yara

A yammacin lardin Fayyum na ƙasar Masar, kimanin kilomita 150 kudu maso yammacin Alkahira, akwai wani kwari wanda babu komai a cikinsa sai rairayi da duwatsun da iska ta sassaƙa. Amma duk ɗalibin da ya sa ƙafa a wurin, abin da zai fara cin karo da shi shi ne ƙashin bayan wata dabbar teku shimfiɗe a kan yashi. Larabawa suna kiran wannan dabba hut, jam'inta hitan, daga nan wurin ya sami sunansa na Wadi al-Hitan. Siffarta ta kifi ce, sai dai da huhu take numfashi, kuma tana shayar da 'ya'yanta nono.

Kwarin yana cikin gandun Wadi al-Rayyan, wanda gwamnatin Masar ta keɓe a shekarar 1989, sannan hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren gadon duniya a 2005. Kimanin shekaru miliyan 40 da suka shige, wani tsohon teku mai suna Tetis ne ya rufe yankin. Idan dabba ta mutu, laka da yashi sukan binne ta, ma'adinai su riƙa ratsa ƙasusuwanta sannu a hankali har su zama kamar dutse. Bayan teku ya janye, iska ta yi ta kwashe rairayin har ɗaruruwan ƙwarangwal suka bayyana.

Abin da yaro zai gani

Amfanin wurin ga mai koyarwa shi ne yaro yana iya gano amsa da idonsa kafin a faɗa masa. Idan aka tambaye shi yadda aka san ruwa ya taɓa kwanciya a nan, ga haƙoran kifin shak nan, ga ƙasusuwan kunkurun ruwa da na dangin ayu, dabbar da masuntan kogin Kwara da na Binuwai suka sani. Da ya haɗa waɗannan shaidu, shi da kansa zai yanke hukunci, kuma wannan ita ce hanyar da masana suke bi.

Babbar dabbar kwarin ita ce Basilosaurus, wadda tsawonta kan kai mita 18. Ma'anar sunan ita ce sarkin ƙadangaru, domin Richard Harlan, wanda ya raɗa shi a Amurka a 1834, ya zaci mai jan ciki ce. Daga baya Richard Owen na Ingila ya duba haƙoranta ya tabbatar mai shayarwa ce. A nan ma akwai darasi: masani yakan yi kuskure, hujja ce take gyara shi.

A 1989 ayarin Philip Gingerich na Jami'ar Michigan ya tono ƙafafun baya na wannan dabba, da gwiwa da idon sawu da 'yan yatsu, alhali tsawonsu bai kai mita ɗaya ba. Ƙafafu irin waɗannan ba za su ɗauki jiki mai wannan girma a tudu ba, shi ya sa masana suke kafa hujja da su cewa kakannin dabbar a doron ƙasa suka rayu kafin su koma ruwa. Haka kuma wani bincike da aka buga a 2019 ya nuna ƙasusuwan 'ya'yan Dorudon, wata ƙaramar hut mai tsawon mita biyar, a cikin tumbin Basilosaurus. Tun daga 2016 akwai gidan adana kayan tarihi a bakin kwarin, inda aka baje cikakken ƙwarangwal tare da bayanin yadda yanayin duniya yake sauyawa.

Dalilin farawa da yara

Ƙashin da ya yi shekaru miliyan 40 a kwance, tayar mota ɗaya ta isa ta niƙe shi. A baya masu yawon buɗe ido sun yi ta shiga da motoci suna tsintar abin da ya burge su. Yanzu a ƙafa ake zagayawa, a kan hanyar da aka shata. Haƙorin da aka ɗauke daga mazauninsa ya rasa mafi yawan amfaninsa, domin shimfiɗar dutsen da aka same shi a ciki ita ce take faɗin shekarunsa. Masu tsaron gandu ba za su iya sa ido a kan kowane tudu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: yaron da ya fahimci dalilin dokar zai kiyaye ta ko babu mai kallonsa, kuma zai kula da barewa da yanyawa da suke rayuwa a gandun.

Wannan darasi bai yi wa ƙasar Hausa nisa ba. Teku ya taɓa ratsa yankin Sakkwato, kuma wata dabbar ruwa mai jan ciki da aka tono a can, Goronyosaurus, sunan Goronyo ta ci. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a ƙarƙashin ruwan teku ta taru. A Gadufawa ta Jamhuriyar Nijar kuwa aka samo Nigersaurus da ƙaton kadan nan Sarcosuchus. Yaran da suke kiwo a irin waɗannan wurare suna iya taka abin da masana suke ƙetaro teku domin su gani. Abin da ya rage shi ne malamin da zai fita da su daga aji, ya tsugunna tare da su, ya nuna musu yadda ake karanta dutse.