Tawada Ta Ɓata Jakar Kwamfuta Ko Rigar Waya? Ga Yadda Ake Ceto Fata Ba Tare Da An Lalata Ta Ba

Ɗalibin da ya taso daga Kurya Madaro zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda yakan cusa komai a jaka ɗaya: laftof, caja, waya da biro. Idan rana ta yi zafi, tawadar biro takan yi ruwa ta tsiyayo, kafin a ankara ta yi shuɗin tabo a jikin jakar fata ko rigar waya. Haka take faruwa a shagunan kwamfuta, inda tawadar firinta ke ɗiga a kan kujera. Abin takaici, sau da yawa gaggawar gogewa ta fi tawadar ɓarna.

Da farko a gane irin fatar

Akwai iri uku da aka fi haɗuwa da su. Na farko fatar kamfani mai sheƙi, wadda aka lulluɓe da fenti da siririn rufi. Na biyu fatar gargajiya da majema ke jemewa da bagaruwa, dukawa su ɗinka jaka, alabe ko matashi da ita. Ita ce irin fatar jar akuyar Sakkwato da ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Na uku fatar roba, wadda galibin rigunan waya masu araha da kujerun ofis da ita ake yin su.

Gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga ruwa kaɗan a wani lungu da ba a gani. Idan ya tsaya bai shiga ba, akwai rufi, tawadar na bisa. Idan ya nutse wurin ya yi duhu, fatar a buɗe take, tawadar ma ta riga ta shiga ciki.

Kowace tawada da halinta

Tawadar biro da ta maka ba sa jin ruwa sosai, amma suna narkewa a sifirit. Tawadar firinta mai ruwa galibi da ruwa ake haɗa ta, don haka tana fita da ɗanyen tsumma idan an yi sauri. Garin firinta mai aiki da laza kuwa ƙurar roba ce da zafi ke narkarwa: a hure shi ko a kakkaɓe a bushe, kada ruwan zafi ya kusance shi. Tawadar allo da ake yi da gawayi da ƙaro ita ce mafi sauƙi, ruwa ke wanke ta.

Matakan da ake bi

A fara cire waya daga rigarta, a kwashe kwamfuta daga jaka. Sannan a danna farin tsumma mai tsabta a kan tabon ya tsotse abin da bai bushe ba. Dannawa ake yi, domin gurzawa na baza tawadar.

Sai a gwada ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi a jikin tsumma. Wannan ita ce shawarar da kamfanin Apple ya bayar game da rigunansa na fata, waɗanda ya daina yi a 2023 lokacin da ya fitar da iPhone 15.

Idan tabon ya ƙi, kuma fatar mai rufi ce ko ta roba, a nemi sifirit na kemis ko irin wanda masu gyaran waya ke wanke injin waya da shi. A gwada a ɓoyayyen wuri tukuna. A jiƙa kan tsinken goge kunne kaɗan, a riƙa taɓa tabon daga gefe zuwa tsakiya, ana sauya tsinke da zarar ya ɗauki launi. Idan launin fatar ya fara bin auduga, a tsaya nan take. A bar ta ta bushe a inuwa.

Abubuwan da ke kashe fata

Fetur, kananzir, bilic da ruwan goge jan farce suna cinye rufin fata, ta roba kuma su sa ta saɓulewa. Shanya a rana ko kusa da wuta na sa ta tsattsage, musamman lokacin hunturu. Soson ƙarfe kuwa ya fi haɗari ga fatar bagaruwa: ƙarfe da sinadarin bagaruwa idan suka haɗu a jiƙe baƙi suke bayarwa, kuma da wannan dabara ce dukawa ke samun baƙin rini. Wanda ya goge da shi zai ƙara tabon da ba ya fita.

Fatar gargajiya da ta sha tawada ba ta son sifirit, domin yana iya ɗaga jan rinin karan dafi ya bar farin da'ira. Mafita ita ce a kai wa baduku. Zai iya rine wurin da launi mai duhu ko ya ɗora ado a kai, abin da ya fi sayen sabuwar jaka sauƙi.

Bayan gogewa

Sifirit na busar da fata, don haka ana shafa man fata ko ɗan man kaɗanya kaɗan, bayan an gwada, tunda yakan sa launi ya ƙara duhu. Fatar roba ba ta buƙatar mai.

Rigakafin ba ya cin kuɗi: biro mai murfi, aljihu na daban da na waya, da ajiye jaka nesa da zafin mota. Tabon da aka kama a sa'ar farko yana da sauƙin fita. Wanda ya kwana mako guda yakan zama ɗan gida.