Shin wayar da ke amsa tambaya ta fi malam sani?

Tun da Meta AI ta shigo WhatsApp a Najeriya a 2024, magana ke yawo tsakanin ɗalibai da iyaye daga Anka har Gummi a jihar Zamfara cewa kwanan malamin aji ya ƙare, domin ƙirƙirarriyar basira ta san komai kuma ba ta kuskure.

Gaskiya ne tana taimakawa. A 2024 an gwada ta a jihar Edo da tallafin Bankin Duniya: ɗaliban sakandare sun yi mako 6 suna koyon Turanci da ita bayan an tashi daga makaranta, kuma sun fi takwarorinsu ci gaba. Sai dai masu yaɗa labarin kan tsallake abu guda. Malamai na tsaye a kansu, su ke ba da darasi, su ke duba amsar da na'urar ta kawo. Ba a damƙa wa yaro waya an juya baya ba.

Batun rashin kuskure kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Wannan manhaja hasashen kalmar da ta dace ta biyo baya take yi, gwargwadon rubutun da aka horar da ita da shi, kuma rubutun Hausa da labarin yankinmu kaɗan ne a intanet. In ta rasa sai ta ƙaga, ba tare da ko ɗar ba. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda shari'o'in bogi da ChatGPT ta ƙirƙiro musu. In lauya ya faɗa, ina ga ɗan aji uku? Ɗalibin da aka ba jinga kan gubar dalma ta 2010 ya tambayi dattawan Bagega da Dareta a Anka, ko na 'Yargalma a Bukkuyum, kafin ya yarda da allon waya.

Ga kuma matsalar sabis. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda tsaro. Wanda iliminsa ke cikin waya, a ranar ya koma hannu rabbana. Zauren jarrabawar JAMB ma, duk da kwamfuta ake amfani da ita, ba a shiga da waya.

UNESCO ta ba da shawara a 2023 kada yaron da bai kai shekara 13 ba ya yi amfani da irin wannan manhaja a aji. Malamai, ku sa ɗalibi ya tashi ya bayyana jingarsa da bakinsa. Iyaye kuma ku riƙa duba littafin rubutun 'ya'yanku kowane mako.